Kafin a Yi Wa Amarya Jere da Gora

Ƙannena maza da mata na ƙasar Ruma da Safana, akwai wata sha'awa da ta shigo muku ta waya, kuma ina so mu tattauna a kanta tun ba ta kai ga aljihunku ba. Hotunan falo ne irin na otal-otal da gidajen masu hali: kujeru saƙaƙƙu masu launin zuma, teburin gora, gado mai saƙaƙƙen allon kai, ƙwan lantarki a cikin kwando yana reto. A Instagram da TikTok ana tallar su da cewa su ne kayan zamani, ba a sare bishiya ko ɗaya ba wajen yin su. Mai shirin aure ta tura wa ƙawarta, yaron kafinta ya adana hoton yana auna ko hannunsa zai iya. Ban ga laifin kowa ba. Kayan suna da kyau, katako kuma ya yi tsadar da dole mutum ya waiwaya.

Sai dai kafin a nemi abin da zai maye gurbin katako, ya kamata ku san halin da katakon yake ciki. Yawancin abin da ake kira gadon katako a shagunan Katsina da Kano yau ba katako ba ne. Garin itace ne aka cuɗa da gam, aka matse a inji ya zama allo, aka liƙa masa fata mai sheƙi. Kafintoci na ce masa MDF. Ranar jere babu abin da ya kai shi ɗaukar ido. Amma bari rufi ya yi yoyo a watan Agusta, ko ruwan wanke ɗaki ya kwana a ƙarƙashinsa, sai ƙafa ta kumbura ta fara marmashewa. In kuwa an kwance shi an sake ɗaurawa saboda tashi daga gidan haya, ramukan kusoshi sun buɗe ke nan, ba ya sake riƙewa kamar da. Katako na gaske, irin wanda ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, mafi yawansa daga dazuzzukan kudu da tsakiyar ƙasa yake zuwa a tirela. Dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022, aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira ta zube, kuɗin dako da na gam da na fenti duk suka hau kan gadon amarya. Uban yarinya ne ke biya.

Itatuwan da iyayenmu suka sani da ƙwari, wato maɗaci da kawo da ƙirya da doka da madobiya, su ma ba su nan yadda suke. Labarin madobiya kaɗai ya isa darasi. A shekarun da suka biyo bayan 2013, masu kuɗin ƙasar Sin suka kamu da son kujerun jan itace, 'yan kasuwa suka bazama cikin Kogi da Taraba da Adamawa suna sara ba ji ba gani, har Najeriya ta shiga sahun gaba a duniya wajen fitar da gungumenta. A 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa madobiya cikin jerin waɗanda ba a fitarwa sai da izini, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya ɗungurungum. Zuwa lokacin an riga an yi ɓarna. Itacenmu mai shekaru ya tafi ya zama kujerar alfarma a wata ƙasa, mu kuma aka kawo mana garin itace a kwantena muna saya da tsada.

A nan zan tsaya in faɗi wata gaskiya da masu talla ba sa faɗa. Kada wani ya ruɗe ku cewa sayen kujerar gora zai ceci Dajin Rugu. Wannan daji da ya ratsa Safana da Batsari da Ɗanmusa har ya shiga Zamfara, ba kafintoci ne suka fi cin sa ba. Murhu ne, da buhun gawayi, da faɗaɗa gonaki. Ku tuna cewa a ƙarshen watan Agustan 2021, cikin dokar da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa saboda matsalar tsaro, har da hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Dalilin dokar tsaro ne, amma ta nuna muku cewa itacen girki a mota-mota yake fita. Mai son dajin da gaske, murhu mai cin itace kaɗan a gidansu ya fi masa kujerar gora goma. Maganar gora maganar aljihu ce da ta sana'a kafin ta zama ta daji. Ba ƙaramar magana ba ce duk da haka, musamman yanzu da shiga dajin ya zama kasada ga masassaƙin da a da yake shiga ya zaɓo itacen turmi hankali kwance.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan sha'awa shi ne yadda kuke kallon ta baƙuwa. Ku tambayi kakanninku mata a kan me suka kwanta daren farko. Akwai gadon kara, da ake ɗaurawa da karan dawa. Akwai gadon gwangwala, da ake yi da hannun tukurwa, mai santsi da sauƙin ɗauka. Akwai gadon ƙasa da ake hura wa mai jego wuta a ƙarƙashinsa. Tabarma ta kaba ce, labulen ƙofa asabari, ma'ajiyar tufafi adudu, katangar gida zana ko darni, tsaikon ɗaki kuma gora da itacen geza. Gida guda cur, daga wurin kwana zuwa wurin ajiya, babu allon katako ko ɗaya a ciki. Itace mai kauri sai ga abin da ba makawa: turmi, akushi, 'yar tsugunno, ƙyaure, da azarar giginya. Daga baya gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo, fomeka ta ture shi, sannan aka koma 'yan Italiya da 'yan Dubai da 'yan Turkiyya. Kowane yayi ya zo sai ya mayar da na bayansa abin kunya, har ta kai in aka ce wance gadon gwangwala aka kai mata, gori ne da zai bi ta har ɗakin 'ya'yanta. Yau ga irin wannan aikin ya dawo ta waya, an shafa masa mai, an ɗauki hotonsa da haske mai kyau, an laƙa masa sunan Turanci, ga mu muna tambayar farashi.

Ba cewa nake a koma jiya ba. Waɗanda suka bar gadon kara ba wawaye ba ne. Yana ƙara in an juya, kuɗin cizo na samun maɓoya a cikinsa, gara na cinye shi, kuma bai cika wuce 'yan shekaru ba. Matar da ta sayar da akuyarta ta sayi gadon ƙarfe ta san abin da take gudu. Abin da ya faru shi ne mun jefar da kayan da hannunmu ya iya maimakon mu gyara aibinsu, wasu kuma can suka zauna suka gyara nasu. Bambancin kujerar da kuke gani a waya da gadon kakarku ba a jinsin abin yake ba; a magani yake, da awo, da gogewa.

To, masu talla kan haɗa gora da ratan a baki ɗaya kamar abu guda ne, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Ratan, wanda 'yan kasuwar Legas ke ce wa ken, shi ne irin sandar da ake yin kwagiri da ita. Dangin giginya da goruba ne, amma ba ya tsayawa da ƙafarsa: yaɗo yake yi, yana kama manyan bishiyoyi da ƙayarsa yana hawa, wani ma tsawonsa ya wuce mita 100. Cikinsa a cike yake, in aka gasa shi ko aka turara yakan lanƙwasu yadda ake so, in ya huce ya tsaya a haka. Ɓawonsa ake fera a yi saƙa, sandar kuma a yi ƙashin kujera. Akwai irinsa kusan 600 a duniya, mafi yawa a kudu maso gabashin Asiya, kimanin 20 a Afirka. A Najeriya sai dazuzzuka masu ruwa irin na Kuros Riba da Edo da yankin Neja Delta. A Legas, a Mende ta unguwar Maryland, masaƙansa sun shafe shekara da shekaru suna aiki a wata kasuwa sukutum a gindin gada.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, ratan ba zai fito a Wagini ko Runka ba ko da an shayar da shi da madara, domin inuwar kurmi yake so da ruwan kusan duk shekara. Duk kujerar ratan da za ta shigo Batsari, sai ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 in daga Legas take, kuma kaya ne marasa nauyi amma masu cin wuri a mota, direba kuwa wuri yake sayarwa. Na biyu ya fi muhimmanci: an saƙa ta ne a garin da iska ke ɗauke da laima dare da rana. In ta iso nan ta gamu da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙafa ke faso, ita ma haka za ta yi. Saƙar ta bushe, ta yi ƙaras-ƙaras, ɗauri ya saki. Ana iya rainon ta: a nesanta ta da rana, a riƙa goge ta da tsumma mai ɗan danshi, a shafa mata mai jefi-jefi. Amma in igiya ɗaya ta tsinke, wa zai gyara? Wannan tambayar nake so ku riƙa yi wa kowane kaya kafin ku saya, ba ratan kaɗai ba. Abin da babu mai gyaransa tsakanin Batsari da Katsina, ranar da ya samu matsala ranar ya zama bola.

Akwai kuma na roba. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan ratan, igiyar roba ce aka saƙa a jikin ƙarfe. Gane ta ba wuya: launinta ɗaya daga farko har ƙarshe, babu gaɓa, babu tabo, ƙashinta kuma in ka ƙwanƙwasa ƙarfe ne. Ba haramun ba ce, ta ma fi jure ruwa. Amma a saye ta da sunanta da kuɗinta, kuma a sani cewa mai arahar cikinta ranar bazara kan gasa ta har ta riƙa karyewa.

Gora ita ce tamu, ko in ce rabi tamu. Ciyawa ce, 'yar'uwar dawa da gero da rake, shi ya sa take da gaɓoɓi. Irinta ya haura 1,600 a duniya. Sirrinta a saiwa yake: in an sare sanda, gindin ba ya mutuwa, damina na sauka sabbin tsiro su ɓullo. Sanda takan kai iyakar tsawonta cikin 'yan watanni, sannan ta ɗauki shekara 3 zuwa 5 tana ƙosawa. Maɗaci kuwa wanda ya dasa shi ba lalle ne ya ga allonsa ba. Iri biyu kuka fi gani. Akwai mai kauri mai rami a ciki, wadda ake kawowa daga kudu da tsakiyar ƙasa, magina na tokare dakin da ita. Akwai kuma siririyar nan mai ƙwari, wadda cikinta kusan a cike yake, ta sandar makiyaya da 'yan sintiri. Wannan ta biyu ita ce gorar ƙasashen savana, tana jure fari fiye da sauran, kuma irinta ce ta mamaye yankin Benishangul-Gumuz a yammacin Habasha, ƙasar da ke da gora sama da hekta miliyan ɗaya.

Aibin gora ɗaya ne babba: tana da zaƙi a ciki. Akwai sitaci a jikinta, kuma wani ɗan mitsitsin ƙwaro yana son sa. Yakan huda sandar ya yi ƙwai, tsutsarsa ta ci ciki ta bar ɓawo. Ba za ka sani ba sai ka ga farin gari yana zubowa a ƙarƙashin kujera, ko ranar da baƙo ya zauna ta rufta da shi. Mai kaurin nan ta magina ita ta fi saurin kamuwa. Gorar da ba a yi wa magani ba, in tana taɓa ƙasa ko ruwa na dukan ta, da ƙyar take wuce shekara biyu. A cikin ɗaki takan ɗan ƙara. Wadda aka yi wa magani aka kuma tsare ta daga ruwa tana iya yin shekaru gommai. Maganin kuma ba asiri ba ne. Ana sare wadda ta ƙosa, a ƙarshen damina ko farkon rani, lokacin da zaƙinta ya ragu. Mutanen da kan jiƙa ta a ruwa mai gudu na makonni don sitacin ya fita, ko su ɗora ta saman murhu hayaƙi ya ratsa ta. Hanyar zamani ita ce a huda gaɓoɓin da dogon rodi, a nutsa ta tun tana ɗanya cikin ruwan da aka narka boraks da borik asid, ta yi mako guda ko fiye, sannan a shanya ta a inuwa ta bushe a hankali. In aka shanya ta a tsakiyar ranar Katsina, tsagewa za ta yi. Kuma shi wannan magani ruwan sama na wanke shi, don haka kayan cikin ɗaki ne, ba na tsakar gida ba.

Saboda haka in kin je saye, ƙanwata, kada launi ya ɗauke miki hankali. Ki juya kujerar ki duba ƙarƙashinta. Ki nemi ƙananan huji irin na allura. Ki buga ƙafar a ƙasa ki ga ko gari zai zubo. Ki duba mahaɗa: in ƙusa aka buga kai tsaye, za ki ga tsaga ta fara bin tsawon sandar, domin gora ba ta son ƙusa, huda ta ake yi a sa turke ko noti, a ɗaure. Ki zauna ki jijjiga. Sannan ki tambayi mai kayan wane magani aka yi mata. In ya ce banish aka shafa, to bai yi mata komai ba, banish kwalliya ce ta waje, ƙwaron kuwa a ciki yake. Haka nan allon gora mai santsi da ake shigowa da shi daga Sin, wanda aka tsattsaga aka manne da gam: yana da ƙarfi, amma kayan masana'anta ne da ya ƙetaro teku, da dala ake sayen sa, ba shi ne zai sauƙaƙa wa kowa aure ba.

Tunda maganar aure ta shigo, bari in ɗan daɗe a kanta, domin a ƙasarmu kasuwar kayan ɗaki kasuwar aure ce. Kun san gidajen da aka sayar da gona ko shanun huɗa saboda jere. Kun san uwar da ta shekara tana zubin adashi don kada dangin miji su yi wa 'yarta dariya ranar buɗar kai. Kun kuma san abin da shekarun nan suka koya mana, wanda ba na son tsawaitawa: iyalai nawa ne suka bar ƙauyukansu cikin dare suka shigo garin Batsari, ko Katsina, ko suka tsallaka Maraɗi, da abin da kai zai iya ɗauka kawai? Wadrob mai ƙofa shida ba ta bin mai ita gudun hijira, bashin da aka ci aka saye ta shi ne ke bi. Malamai kullum suna tunatar da mu cewa albarkar aure na cikin sauƙinsa, muna jinjina kai a masallaci, mu fito mu ci gaba da gasa. Ku da za a yi wa jeren, ku kaɗai ne za ku iya cewa ya isa. Uwa ba za ta iya fara faɗa ba, kunya ba za ta bar ta ba. In amarya ta ce ita abin da take so ke nan, ango kuma ya tsaya ya rufe bakin 'yan'uwansa mata, magana ta ƙare.

Shawarata a aikace ita ce a raba kayan gida biyu. Abin da ke ɗaukar nauyi kullum, wato gado, a yi shi da ƙarfe ko katako na gaske ko da ba shi da ado. Bedi ma katako ne, dangin maɗaci ne, gara ba ta cika son sa ba, kuma tun da aka shigo da shi Borno a 1928 ya bazu har babu garin da ba shi. Abin da ba ya ɗaukar nauyi sosai, irin su kantar jera kwanuka, teburin gefen gado, allon kan gado, ma'ajiyar takalma, labule, kwandon wanki, kujerun shan iska, nan ne gora da gwangwala da kaba za su yi aiki su kuma yi kyau. In daɓen ɗakin na ƙasa ne, a sa wa ƙafafun takalmin ƙarfe ko a ɗora su kan dutse saboda gara. Ɗaki irin wannan ba ɗakin talauci ba ne. Shi ne dai wanda kuke gani a waya.

Yanzu ga ku samari masu neman abin yi, domin a ganina ribar wannan yayi ba ta mai saye ba ce, ta mai yi ce. Abokin hamayyarku ba katako ba ne, kujerar roba ce: tana da araha, ba ta tsoron ruwa, ana jera goma a kan juna. Ba za ku kayar da ita a farashi ba, sai a kyau da ƙarko da kuma cewa taku tana gyaruwa. Duk wanda ya taɓa zama a Maraɗi ya san kujerar nan ta rodi da ake saƙa wa igiyar roba, wadda ke ƙofar kowane gida da teburin kowane mai shayi. Dabarar da ke cikinta ita ce a bar wa ƙarfe ɗaukar nauyi, a bar wa saƙa daɗin zama. Masu walda muna da su a Batsari da Safana. Mata masu saƙar kaba, waɗanda hannunsu ya san faifai da tabarma tun suna yara, suna cikin gidajenku, ana sayen aikinsu a ranar kasuwa da kuɗin da bai kai wahalarsa ba. Geza tana nan a dajin kusa da gida, rassanta na lanƙwasuwa suna ɗanye, kuma in an sare ta takan sake tohowa. Abin da babu shi ne wanda zai haɗa mai walda da mai saƙa a kan zane ɗaya da awo ɗaya.

Awo, ƙannena, shi ne inda muke faɗuwa. Mai saye a Katsina ko Abuja in ya ce kujera shida yake so, shida masu kama ɗaya yake nufi, ba 'yan uba ba. Tsayin mazaunin kujerar cin abinci wajen santimita 45 ne. Gado kuwa katifa ce ke yanke masa hukunci, sai ka auna ta kafin ka yanka komai. Ka sayi tef, ka yi ma'auni na dindindin da za ka riƙa ɗora kowace sanda a kai, ka kashe lokaci a kan samfefa fiye da yadda ranka ke so. Wanda ya samu dama ya shiga ƙauyen koyon sana'o'i na matasa da ke Katsina ya koyi walda ko kafinta, ya koya da wannan niyya a ransa. Waya kuma da ta kawo muku sha'awar, cike take da bidiyon masu aikin gora na Indonesiya da Ghana suna nuna yadda ake huda da ɗauri, kyauta.

Indonesiya ce ke samar da mafi yawan ratan na duniya, kuma daga farkon 2012 ta hana fitar da shi ɗanye, don masana'antun garin Cirebon su saƙa su sayar da kujera maimakon sanda. An yi ta gardama a kan dokar, masu sara a daji sun koka cewa farashi ya faɗi a hannunsu, amma ko ba komai sun gane inda kuɗin yake. A Kumasi ta Ghana, inda 'yan'uwanmu na zango suke da yawa, har kekuna ake haɗawa da gora ana kai wa Turai. Akwai ma ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta gora da ratan, INBAR, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Beijing, kuma Najeriya mamba ce. Mu dai har yau abin da muka fi yi da gora shi ne tokare dakin, in an gama gini a ƙona ta.

Masu tunanin shukawa su yi a hankali. Ruwan samanmu na wata huɗu ne, muna bakin iyakar inda gora ke iya rayuwa, don haka ba a jigawa za a sa ta ba. Fadama take so, ko bakin rafi, ko gefen kwazazzabon da ke cin gona, inda saiwarta za ta riƙe ƙasa, ko wuraren da ke samun ruwan madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma. Ana cire gindi mai saiwa da guntun sanda a dasa da farkon damina, a killace shi daga awaki, a ba shi ruwa ranin farko. Kada a sa ta tsakiyar gona, inuwarta da saiwarta za su danne hatsi. Sai an yi haƙurin shekara huɗu ko biyar kafin sara na farko, kuma ƙosassu kaɗai ake cirewa a bar matasan. Wani halinta da ya kamata ku sani: bayan shekaru masu yawa takan yi fure, in ta yi kuma sai ta mutu, duk waɗanda aka ciro daga uwa ɗaya su tafi tare. Don haka a samo iri daga wurare dabam-dabam. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana da sashen nazarin gandun daji, ga ta nan kusa, tambaya ba ta cin kuɗi. Wanda kuwa ba shi da fadama, ya dubi abin da manoman Maraɗi suka yi tun daga 1983, sassaben zamani: maimakon tumɓuke kututturen da ke toho a gona, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a rage sauran a bar su su girma. Da wannan kaɗai aka farfaɗo da bishiyoyi a hekta wajen miliyan 5 a Nijar, ba tare da dashe ba. Geza da sabara da kalgo da ke gonarku duk suna amsa wannan.

In ka haɗa kujerarka ta farko, kada ka kai ta kasuwa. Ajiye ta a zauren gidanku inda kowa zai zauna a kai, yara su hau su sauka. Ta ga hunturu, ta ga bazara, ta ga damina. Ka riƙa duba inda ta tsage, inda ɗauri ya saki, ko gari ya zubo, kana gyara na biyu da na uku da abin da ka gani. Ranar da za ka fara karɓar kuɗin mutane, ka lissafa ƙarfe da gora da magani da ladan mai saƙa da kwanakin aikinka, kada ka bar naka ladan a waje don neman ciniki. Kuma ka gaya wa mai saye a gaban shaida cewa in ya ga gari a ƙarƙashinta cikin shekara guda, ya dawo maka da ita ka canza masa.